Karan Ɗori a Falon Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na rataya jakar kwamfuta na nufi gidan surukai ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa tambayar jikokina sunayensu. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma tunda abin ya ƙare da daɗi, kuma ni na ci riba, gara ku ji labarin daga bakina, don in wani ya riga ni ba ku to sai ya sa masa gishiri.

Ni haifaffen Madabo ne. Aikina kula da manyan kwamfutocin ajiya a wani ɗan kamfani da ke wajen Ƙofar Dawanau. Ƙananan asibitoci da makarantu ke ba mu ajiyar bayanansu, mu kuma mu tabbatar ba su ɓace ba, wurin ajiyar bai cika ba, faifan da ya gaji an canza shi kafin ya mutu. Aiki ne mai kyau, albashin ma ba laifi. Aibinsa ɗaya, ba ya nunuwa. In ka tambayi tela sana'arsa sai ya ɗaga maka riga. Ni kuwa in aka tambaye ni sai in fara da "ka gane ai", kuma a cikin birnin nan duk wanda ya fara bayanin sana'arsa da "ka gane ai" an riga an gama yi masa hukunci.

Wannan ce ta tsaya mini a wuya a maganar aurena da Nafisa. Ita kam ba ta da matsala. Malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata, ta fi ni kai nesa ba kusa ba (kuma ba ta barina in manta da haka). Iyaye mata sun amince, an kai gaisuwa an karɓa, saura sa rana kawai. Sai mahaifinta, Alhaji Isyaku na Dukawuya, ya taka birki. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin da ya saba ya soka hannu a buhu ya ɗebo ya gani kafin ya yi magana. Ya ce shi bai ƙi yaro ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san takamaimiyar sana'arsa ba, a wannan zamani da yara ke zama gaban kwamfuta suna kwashe dukiyar bayin Allah. Ya ce in zo da kaina in nuna masa abin da nake yi ya gani da idonsa. In ya gamsu a sa rana, in bai gamsu ba kowa ya kama gabansa.

To me zan nuna? Bayanan da muke ajiyewa amana ce, ba a buɗe wa kowa. Ɗakin na'urorin kuwa in na kai shi, ba abin da zai gani sai sanyi da 'yan fitilu suna ƙyafta ido. Na yi kwanaki ina saƙa da warwara.

Ana cikin haka Allah ya kawo mini karan ɗori.

Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Mu a aikinmu ba a danna hotuna. Baƙin allo ne, ka rubuta umarni, na'ura ta bi. Manhajar da muke sarrafa faifan ajiya da ita tana da umarni barkatai, kowane da zaɓuɓɓukansa, kuma kowane zaɓi da ɗan gajeren layin nan yake farawa, wato karan ɗori, wani ɗaya wani biyu. Ba mai iya haddace su duka. Shi ya sa manhajar ke zuwa da shafukan jagora. Ka kira shafi a allo, ka karanta, ka kwafi misalin da aka bayar, ka liƙa, aiki ya tafi.

Ran nan da safe ma'ajiyar wani asibiti ta kusa cika, maigidana na tsaye a kaina yana huci. Na buɗe shafin jagora, na kwafi misali, na liƙa. Na'ura ta ce ba ta san wannan zaɓin ba. Na sake, ta sake ƙi. Da haushi ya kama ni na rubuta abin da hannuna, harafi bayan harafi, sai ga shi ya yi aiki. Bayan ƙura ta lafa na zauna ina kallon layukan nan biyu, iri ɗaya sak, ɗaya ya yi ɗaya ya ƙi, har na fara karanto addu'ar neman tsari a zuciyata.

Da na tona sai na gano ba aljanu ba ne. Shafukan jagorar da wani tsohon tsarin ɗab'i ake rubuta su. A wannan tsarin, in marubuci ya sa karan ɗori haka tsirara, sai a ɗauka na haɗa kalmomi yake nufi, a buga masa wani daban, mai kama da na kan madannan kwamfuta amma ba shi ba. Ido ba ya bambance su, na'ura kuwa tana bambancewa. In ana son na gaskiyar ya fito, sai an jingina masa wata 'yar karkatacciyar sanda a gabansa, mu a wurin aiki bakslash muke ce mata. Masu manhajar sun sa a wasu wurare, sun manta a wurare da yawa.

Ita kuma manhajar a buɗe take, kowa a duniya zai iya aika gyara. Akwai masu kula da ita da ke dubawa, in sun karɓa sai sunanka ya shiga tarihin manhajar, ba mai goge shi. Nan take na ga sunana a rubuce, na ga Alhaji yana gyaɗa kai, na ga katin ɗaurin aure. Ga abin nunawa ya samu.

Yadda masu hankali ke yin irin wannan aiki shi ne su bi layi-layi. Ni kuwa ai ina da wayo. Na rubuta umarni guda ɗaya tak na ce wa na'ura duk inda ta ga karan ɗori a shafukan nan ta jingina masa sanda. Kafin in ajiye kofin shayi ta gama. Ban buɗe ko shafi ɗaya na ga yadda ya fito ba. Na haɗa da dogon bayani da Turanci mai nauyi, irin wanda ni kaina sai da na duba ƙamus, na aika. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, amma a ranar ban ga alamar nawa a ko'ina ba.

Da yamma na kira Nafisa na kwashe labari na ba ta. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ka gwada kuwa?"

Na ce, "Haba Nafisa, wannan fa fagena ne. Ni ina tambayarki ko kin iya sau biyu?"

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Da na san muryarta kamar yadda na san ta yanzu, da na koma na duba.

Babban kuskuren ma bai zo ba sai da na gaya wa Baffa Sani. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne wakilina a maganar auren tun da mahaifin namu ya rasu. Dillalin filaye ne, in ya yi maka tallar kango sai ka rantse bene ne mai hawa biyu. Abin da na ce masa shi ne na gyara kuskure a jagorar wata manhaja da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa. Abin da ya fita daga bakinsa a majalisa kuwa, wata na'ura ce ta gagari Turawa shekara da shekaru, ɗan gidansu ya zauna zama ɗaya ya warware ta. Kafin Juma'a Madabo ta ɗauka. Ana idar da salla dattawan da ba su taɓa kula ni ba suka riƙa miƙo mini hannu. Umma ta soya waina ta raba sadaka. Ni kuma ban ƙaryata kowa ba. Na dai riƙa sunkuyar da kai ina cewa "ai ikon Allah ne" (gaskiya ce, amma ba don gaskiyar nake faɗa ba).

Ranar Asabar da safe, ranar da Alhaji ya ce mu zo, wayata ta yi ƙara. Amsa ce daga mai kula da manhajar, wata baiwar Allah a can wata ƙasa, ban taɓa ganinta ba. A saman allon na hango farkon saƙon, ta fara da godiya sosai. Sai na kife wayar. Na ce wannan albishir ba ni kaɗai zan buɗe shi ba, a gaban Alhaji za a buɗe, kowa ya gani tare. Ku lura, ba wanda ya tilasta ni. Da hankalina na yanke wannan shawara, har ina yaba wa kaina.

Bayan la'asar muka isa Dukawuya, Baffa a gaba cikin babbar riga, ni a baya da jaka. Kowa ya san ƙa'idar zuwa gaban suruki. Takalmi tun daga nesa ake cire shi. Ba a hawa kujera, gefen ƙofa ake raɓewa a ƙasa, kai a sunkuye, amsa gajera. In an kawo abin sha an ajiye a gabanka, to na gani ne, ko ƙishi zai kashe ka ba ka taɓawa. Duk na kiyaye. Aka kawo kunun aya mai sanyi a jug, har yana raɓa, aka dire a gabana da kofi, ban ko kalle shi ba.

Alhaji na zaune da carbi. Kusa da shi ƙaninsa ne, Malam Habu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, an kira shi musamman don ya zama tafinta. Ya zo da gilashinsa da komai.

Bayan gaishe-gaishe Alhaji ya ce, "To yaro, bismilla. An ce kai ne ka gyara wa Turawa na'ura."

Baffa ya karɓe, "Alhaji, ai abin sai wanda ya gani. Mu kanmu mamakinsa muke."

Na buɗe kwamfuta. Alhaji ya ce allon ya yi masa ƙanƙanta, ko za a iya sa wa a talabijin ɗin bango? Na ce ana iyawa, na zaro waya daga jaka (e, da ita na zo, tun daga gida na shirya wannan). Na miƙe tsaye na juya wa surukina baya ina laluben bayan talabijin, wanda shi kansa rashin ta-ido ne, amma ɗoki bai bar ni na lura ba. Saƙon ya fito ɓaro-ɓaro, kowane harafi ya kai ɗan yatsa.

Malam Habu ya gyara gilashi ya gyara murya. Ya karanta jimla da Turanci, ya fassara, ya sake karanta wata, kamar a wurin tafsiri, sai dai shi ne mai jan baƙi shi ne mai fassara.

"Ta ce, mun gode ƙwarai da ka lura da wannan matsala, gaskiya ce, ta daɗe tana damun mutane."

Baffa ya ce, "Allahu akbar! Kun ji ko?"

Alhaji ya ce, "Tsaya, Habu. Mace ce?"

"Mace ce, Yaya."

"To. Ci gaba."

"Ta ce, sai dai kash, ba za mu iya karɓar wannan gyara ba."

Wallahi babu "kash" a saƙon, shi ya ƙara abinsa. Amma sauran duk akwai. Malam Habu bai tsaya ba, shi ai aikinsa yake yi, kuma da gani yana jin daɗin aikin. Ta ce wuraren da dama can daidai suke, masu sanda ɗaya, yanzu sun zama masu sanda biyu, don haka sandunan sun fito fili a cikin shafin, misalan da suke aiki a da ma yanzu sun lalace. Ta ce na taɓa kalmomin da ba ruwansu da umarni. Ta ce akwai wani jadawali da aka zana layukansa da karan ɗori, shi kam ya rushe gaba ɗaya. Har da hoto ta haɗo, don kada in ce ƙage ne. Hoton ya cika talabijin ɗin Alhaji, shafin kamar kaji sun yi tono a kai.

"Sannan ta rufe da tambaya," in ji Malam Habu, ya leƙo ni ta saman gilashi. "Ta ce, shin ka buɗe shafin ka duba kuwa kafin ka aiko?"

Alhaji ya ajiye carbi ya ce shi bai gane ba, a nuna masa ainihin abin da na gyara. Na buɗe wurin. Layi ja a sama, layi kore a ƙasa. Ya ce ina bambancin? Na nuna da yatsa. Ya taso da kansa ya zo dab da talabijin ya ƙura ido.

"Wannan ɗan tsinken?"

"Shi ne, Baba."

"Shi ne ya gagari Turawa?"

Na waiwaya wajen Baffa neman agaji. Baffa, wanda ya goya ni ina yaro, ya gyara hula ya ce, "Wallahi Alhaji ni ma yadda aka gaya mini na faɗa. Ka san yaran yanzu."

Na koma wurina na zube. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, idona ba ya gani sosai. Abin da ya faru bayan nan ban san lokacin da ya faru ba. Na dai farga na ga kofi a hannuna, babu komai a ciki, bakina da zaƙin kunun aya, jug ɗin kuma ya yi ƙasa sosai, alamar ba kofin farko ba ne. Mutum uku suna kallona. Daga bayan labulen da ke shiga cikin gida na ji dariyar mata ta kufce, ana toshe baki, kuma a ciki na gane wata murya sarai.

Alhaji ya dubi ƙaninsa ya ce, "Habu, ce a ƙaro masa. Da alama aikin nasu da sa ƙishi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

To ni ina da wani hali. In kunya ta kai mini maƙura sai ta juye ta zama taurin kai. Na ajiye kofin, na gyara durƙuso, na ce, "Baba, matsalar gaskiya ce, ita ma ta faɗa da bakinta. Gyaran ne na ɓata da gaggawa. Ina roƙon a ba ni dama in sake."

Ya dube ni ya ce, "Ni ban kore ka ba. Je ka yi. In matar nan ta yarda da aikinka, ka dawo. In ba ta yarda ba, ba sai ka wahalar da kanka da zuwa ba."

Haka aurena ya koma hannun wata mata da ba ta san ma ina neman aure ba.

Tun daga Dukawuya har Madabo Baffa faɗa yake mini, wai na zubar masa da mutunci a gaban manyan mutane. Ban tanka ba, don in na buɗe baki a ranar sai an yi taron dangi a kaina. Da na kira Nafisa, sai da ta yi dariya har ta ƙware, ta ce a tarihin gidansu ba a taɓa surukin da ya gama da jug ba. Daga baya muryarta ta sauya. Ta ce, "Ka san Baba ba ya magana biyu. Don Allah wannan karon ka nutsu, ni fa tsoro nake ji." Nan dariya ta ƙare. Ni ma tsoron nake ji, sosai ma, don ina son yarinyar nan kuma na ga yadda wautata ke neman raba mu.

Washegari na dawo da shafukan yadda suke tun asali na fara daga layin farko. Duk karan ɗorin da na iske sai in tsaya in tambaye shi: kai rubuta ka za a yi a na'ura, ko karanta ka kawai za a yi? In na rubutawa ne, in jingina masa sandarsa. In yana da ita tun da, in wuce. In na haɗa kalma ne ko na zanen jadawali, in bar shi ya sha iska. Ina gama shafi sai in buɗe shi yadda mai karatu zai gan shi, in kwafi kowane misali in liƙa a wata tsohuwar na'urar gwaji da ke ofis, in ga ya yi aiki da idona. Kafin a fara aiki da safe ina kai, lokacin cin abincin rana ina kai. Aiki ne mai gundura na ƙin ƙari. Har ta kai in ina tafiya a titi lambar motar da ke gabana nake dubawa ko akwai karan ɗorin da aka manta.

A Madabo kuwa labarin farko bai mutu ba, na biyun bai iso ba. Mutane na ta yi mini barka, ni kuma na koma bin lungunan da rabona da su tun ina firamare. Umma kan tambaye ni, "Ya Turawan naka?" In ce suna nan lafiya.

Da na gama na aika da ɗan gajeren saƙo, babu ƙamus a ciki. Na ce na yi kuskure a karon farko, ga yadda na bi wannan, ga yadda na gwada. Sai jira. Jiran nan ya fi aikin wuya. Bayan kwanaki ta amsa, ta ce ya yi kyau, amma akwai 'yan wurare a shafi ɗaya da na tsallake. Na duba, gaskiyarta. Na gyara na mayar, ban gaya wa kowa ba, ko Nafisa.

Ranar da amsar ƙarshe ta zo ina ofis. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, na sake, na sake, na duba ko akwai "sai dai" a ɓoye a wani wuri. Babu. An karɓa, an haɗa da uwar manhaja, ga sunana nan a rubuce cikin jerin masu gyara. Har ta tambaya ko zan duba musu wasu shafukan da suka rage, tunda na san kan abin. Na yi wata irin kururuwa da ta sa maigidana ya fito a guje yana zaton faifai ne ya ƙone. A nan kan tayil ɗin ɗakin na'urori na yi sujadar godiya.

Baffa da farko ya ce shi ba zai sake taka Dukawuya ba. Da ya ji an karɓa, sai ga shi da rigar da ta fi ta farko girma.

Muka koma falon, kowa a inda yake wancan karon. Malam Habu ya ja baƙi ya fassara, wannan karon ba kash ko ɗaya. Na buɗe shafin, ya fito tsaf. Na kwafi misali na liƙa, na'ura ta karɓa ba gardama. Na nuna sunana. Alhaji ya sa aka karanta masa shi sau biyu, har da sunan mahaifina.

Sannan ya yi tambayar da ɗan kasuwa ba ya mantawa. "To, me za su biya ka?"

Na ce, "Ba biya, Baba."

Baffa ya fara nazarin silin. Alhaji ya ce, "Kana nufin duk wahalar nan a banza ka sha?"

Na ce ba a banza ba ne. Na ce albashina daga kamfaninmu yake, can nake kula da na'urori. Ita wannan manhajar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta kowa ce. Mu ma kyauta muke amfani da ita, don wasu sun zauna sun gina ta ba su karɓi ko sisi ba. Duk wanda ya ga inda ta lalace sai ya sa hannu ya gyara, kowa ya amfana. Na ce gobe wani ma'aikaci a wani asibiti, a ƙasar da ba zan taɓa zuwa ba, zai kwafi umarnin nan cikin gaggawa ya yi masa aiki, bai ma san an taɓa samun matsala ba.

Alhaji ya ja carbi, ya juya wajen ƙaninsa ya ce, "Habu, ai gayya yake nufi."

"Gayya ce, Yaya."

"To kai me ya hana ka faɗi haka tun farko, ka tsaya kawo mana Turawa?" Ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. "Ni tsorona kada in ba da 'yata ga ɓarawon zaune. Ɓarawo kuwa ba ya zuwa gayya. Balle wanda aka mayar wa da aikinsa ya koma ya sake da kyau." Ya dubi Baffa. "Malam Sani, ku zo ranar Juma'a da manyanku a sa rana."

Guɗa ta tashi daga cikin gida. Baffa ya buga cinya ya ce, "Ai na gaya maka, Alhaji! Tun yana yaro na san za a yi haka!" Ban ko ji haushinsa ba. Ji nake kamar in tashi in zagaye ganuwa da gudu, amma na daure na zauna da kaina a ƙasa, ina murmushi ni da kafet.

Mun fito muna sa takalma sai Alhaji ya leƙo daga ƙofa. "Af, yaro. Gobe da safe muna yasar kwatar unguwa kafin ruwa ya sauka. Tunda ashe gwanin gayya ne kai, ka zo da wuri."

Na je. Aka miƙo mini shebur na shiga kwatar Dukawuya har gwiwa, da silifas ɗina na zuwa masallaci, ina kwaso baƙar laka da tsofaffin ledoji. Alhaji na tsaye a bakin kwata da hannu a baya, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya nuna ni ya ce, "Surukina ne. Injiniya ne." Wallahi ban taɓa shaƙar wari da farin ciki irin na ranar ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Ka buɗe aikinka ka kalle shi da idonka kafin ka aika wa duniya, kuma ka karanta saƙo har ƙarshe kafin ka tara masa jama'a. In kuwa da aikin gayya za ka burge suruki, to ka fara sayen takalmin roba.